Yadda za ka bibiyi gobarar daji daga nesa

Malam, ka ce kana cikin Kaduna, iyayenka na Kagoro, kuma an ce maka wuta ta kama dajin kan dutse, kana son sanin inda ta dosa. Allah ya tsare.

Fara da iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka garin da ke kudu maso yammacin wutar ya fi shiga haɗari. Wuta ta fi gudu wajen hawa dutse fiye da gangarowa, amma kada na ƙasa su saki jiki: iska kan kwashi tartsatsi ta kunna sabuwa can gaba, har ƙetaren titi.

Akwai taswirar gobara mai suna FIRMS ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a intanet, kyauta ce. Tauraron ɗan'adam na nuna wuraren zafi da jajayen ɗigo, yawanci cikin awa 3 da wucewarsa, kuma kowane ɗigon VIIRS, wato na'urar gano zafi da ke jikin tauraron, fili ne mai faɗin kusan mita 375. Sai dai gajimare da hayaƙi mai kauri kan ɓoye wuta, ƙunar gona ma ja take fitowa. Ni kaina na taɓa tayar da hankalin gida a kan wutar mafarauta.

Bidiyon WhatsApp kuwa, tambayi ranar da aka ɗauke shi. Gara ka kira mai unguwa ko maƙwabci, shi ke ganin hayaƙin.

Idan hayaƙi ya soma sauka gari, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana, a sanar da SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Tsofaffi, yara da masu asma su bar wurin tun da rana, kada a jira dare.