Zuwa Ga Ƙanwata A Gusau: Yadda Ake Auna Mai Binciken Ƙwayoyin Cuta

Assalamu alaikum ƙanwata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Baba da dukkan mutanen gida. Saƙonki ya iso ni a nan Ingila, kuma tambayoyi biyu na gani a cikinsa. Kin ce kin kammala digirinki na farko a fannin nazarin ƙwayoyin cuta, kina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Gusau, kina kuma neman gurbin ƙaro karatu a waje. A cikin bincikenki kin ci karo da furofesoshi biyu masu aiki a kan cututtuka masu yaɗuwa, ɗaya yana da maƙaloli fiye da 300 a shafinsa na Google Scholar (manhajar da ke lissafa wallafe-wallafen masana), ɗayar kuma nata ba su kai 50 ba, shi ne kike son sanin wanda ya dace ki rubuta wa. Tambaya ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali, wato maganar mutumin da ya ce idan kin biya shi kuɗi zai saka sunanki a wata maƙala da za ta fito nan da mako biyu, don kada takardunki su tafi babu wallafa ko ɗaya.

Lambar da kika gani a gefen shafin kowannensu, wadda ake kira ma'aunin h, wani masanin kimiyyar fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ta a shekarar 2005. Idan aka ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda kowace ɗaya daga cikinsu wasu masu bincike sun kafa hujja da ita aƙalla sau 20. Yana da amfaninsa, domin yana nuna cewa mutum ya daɗe yana aiki kuma ana karanta shi. Sai dai abin da yake ɓoyewa ya fi wanda yake nunawa yawa. Lamba ce da ba ta komawa baya, don haka dattijon da ya daina shiga ɗakin gwaji tuntuni zai ci gaba da fin matashiyar da aikinta ke tashe a yanzu. Ba ta bambanta wanda aka ambata don an gamsu da aikinsa da wanda aka ambata don a nuna kuskurensa. Haka kuma ta dogara da yawan masu rubutu a fannin: duk wanda ya taɓa cutar korona daga 2020 zuwa yau ya sha ambato, alhali mai aiki a kan sanƙarau ko mashaƙo a ƙasashenmu abokan aikinsa a duniya ba su da yawa, komai ingancin abin da ya gano. Saboda irin waɗannan dalilai ne a shekarar 2012 wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco, wadda ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya wallafa a ciki, a koma duba abin da binciken kansa ya ƙunsa, kuma manyan masu ba da tallafin bincike irin su Wellcome sun sa hannu a kanta.

Don haka ki buɗe PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na intanet wanda kyauta ne, ki rubuta sunan kowannensu, ki taƙaita bincikenki ga shekaru biyar na baya-bayan nan, sannan ki tsaya a kan jerin sunayen marubuta. A fanninmu sunan farko yawanci na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, shi ya shuka ƙwayoyin cutar, ya tattara sakamako, ya rubuta daftarin farko. Sunan ƙarshe na shugaban ɗakin binciken ne, wanda ya nemo kuɗin ya kuma jagoranci aikin. Sunayen tsakiya kuwa suna iya kaiwa ɗari a manyan ayyukan haɗin gwiwa, kuma mutum na iya tara maƙaloli masu yawa ta wannan hanya ba tare da ya jagoranci ko guda ba. Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne: a maƙalolin da furofesan yake a ƙarshe, su wa ke farko? Ki bi sunayensu ki ga ko ɗalibansa ne, ko sun kammala, da inda suke a yau. Idan kuma samfuran daga Afirka aka kwaso su, ki duba ko akwai ɗan ƙasar a farko ko a ƙarshe, ko kuwa duk an tura su tsakiya, ko ma sai a sashen godiya za ki same su. Wannan shi ne zai gaya miki matsayin da za ki samu a wurinsa. Na san ɗakunan bincike masu suna inda ɗalibi kan yi wata da watanni bai zauna da mai duba aikinsa ba, na kuma san ƙanana inda shugabar take zama kusa da ɗalibinta a gaban madubin likita. Ban ce mai 300 ɗin haka yake ba, mai yiwuwa ne ya cancanci kowace ɗaya. Abin da nake cewa shi ne lambar ba za ta amsa miki ba, sai kin karanta maƙaloli uku ko huɗu na kowannensu daga farko har ƙarshe.

Game da abin da ake kira tasirin bincike kuwa, mu 'yan Zamfara da Kebbi ba ma bukatar a kawo mana misali daga nesa. Kin san yadda sanƙarau ke zuwa mana da rani. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, kuma a wancan zamani rukunin A na ƙwayar cutar ne ke yin ɓarnar. An fara allurar rigakafin rukunin A mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, rukunin A ya kusa ɓacewa. Sai ga shi a 2013 a Sakkwato, da 2014 a Kebbi, an ga mutane suna kwantawa da sanƙarau duk da rigakafin. Ma'aikatan lafiya tare da ƙungiyar likitoci ta MSF suka zuƙo ruwan laka daga bayan marasa lafiya, aka aika da samfuran zuwa cibiyar da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Oslo na ƙasar Norway, aka gano cewa wani sabon nau'i ne na rukunin C, wanda allurar da aka yi ba ta kare mutum daga gare shi. Rahotannin da aka wallafa a kan wannan gajeru ne, amma su ne gargaɗin farko. A 2015 nau'in ya yi mummunar ɓarna a Nijar, sannan a ƙarshen 2016 ya ɓarke a Zamfara, inda kafin annobar ta lafa a 2017 aka lissafa fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar, sama da 1,100 suka rasu, kuma jiharmu ce ta fi kowace jin jiki. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga rukuni biyar, har da C ɗin.

Ki lura da inda wannan silsila ta faro. Ƙwayar sanƙarau ba ta jure zafi ko sanyi ko jinkiri. Idan aka ɗebi ruwan laka aka bar shi a kan tebur, kafin a kai shi babban ɗakin gwaji ta mutu. Sai wani ya zuba shi cikin 'yar kwalbar nan mai sinadarin da ke raya ta a hanya, ya rubuta suna da rana da ƙauye daidai, ya tabbatar ba a jefa ta cikin firji ba. Wanda ya yi wannan a wani asibitin karkara shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Shi kansa Furofesa Brian Greenwood, wanda duk mai nazarin sanƙarau a Afirka ya san sunansa, kimanin shekaru goma ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1970, yana duba marasa lafiyarmu, kafin ya tafi ya jagoranci cibiyar bincike ta Gambiya. Aikin da ya ɗaukaka shi a ƙasar Hausa aka fara shi.

Wannan ya kawo ni ga tambayarki ta biyu, kuma amsata ita ce kada ki biya, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci suka amince da ita ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun, ya amince da abin da aka fitar, ya kuma yarda a tuhume shi a kan duk abin da ke ciki. Sunanki a kan aikin da ba ki gani ba shaidar zur ce, kuma intanet ba ta mantuwa. Bayan haka, mujallar da ta yi alkawarin wallafawa cikin mako biyu ba ta aika wa masana su tantance ba, domin tantancewa ta gaskiya takan ɗauki makonni da yawa ko watanni, a dawo miki da gyare-gyare, wani lokaci a ƙi karɓa. Na zauna a kwamitin tantance masu neman digirin digirgir, na ga yadda ake yi: a ɗauki sunan mujallar a duba ko tana cikin PubMed ko Scopus (wani rumbun mujallun da aka tantance), in ba ta nan a ja layi a ƙarƙashinta. A wajen ganawa kuma sai a ce da mai nema ya bayyana yadda ya gwada maganin a kan ƙwayar, da wace ƙwaya ya yi amfani wajen tabbatar da ingancin gwajin. Wanda ya sayi suna a nan yake yin shiru, kuma daga wannan lokaci sauran takardunsa ma sai a fara shakkarsu. Wanda ya zo ba shi da maƙala ko ɗaya amma ya iya bayanin aikin digirinsa dalla-dalla ya fi shi daraja nesa ba kusa ba. Galibin masu neman digiri na biyu ba a ma sa ran sun wallafa komai.

Abin da zai zama naki na gaskiya yana nan cikin babban littafin rajistar da kike cikewa kullum. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya sakamakon bijirewar ƙwayoyin bakteriya ga magunguna, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Duk da haka bayanan da ke fitowa daga asibitocin yankinmu kaɗan ne ƙwarai. Ke kuwa kina ganin sakamakon fitsari da jini da ruwan gyambo, kina auna da rula faɗin da'irar da kowane faifan magani ya hana ƙwayar cuta tsirowa a kan faranti. Idan kika samu izinin shugaban sashenku da na kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin tun kafin ki fara, kika cire sunayen marasa lafiya, kika tattara sakamakon shekara guda a tsare, kika bi ƙa'ida ɗaya wajen fassara shi, ta CLSI (ta Amurka) ko ta EUCAST (ta Turai), kika kuma riƙa gwada ingancin faifan da sananniyar ƙwaya irin ATCC 25922 (nau'in E. coli da aka tanada don tabbatar da ingancin gwaji), to kin samu abin da likitan da ke rubuta magani a Gusau zai amfana da shi, wanda kuma mujalla ta ƙwarai za ta saurara. Ki nemi wani malami a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya duba miki lissafin, kuma ku yi magana a fili tun farko a kan wanda sunansa zai zo gaba. Kada tsadar wallafawa ta firgita ki, domin akwai mujallu masu daraja da ba sa karɓar kuɗi, kamar Emerging Infectious Diseases ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wasu kuma suna yafewa ko rage wa masu rubutu daga ƙasashe irin namu idan an nema.

In kin tashi rubuta wa furofesan da kika zaɓa, wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ki ambaci maƙalarsa guda da kika karanta da abin da kika fahimta a cikinta, ki faɗi ƙwayoyin da kike gani a ɗakin gwajinku da kayan aikin da kuke da su da waɗanda ba ku da su, sannan ki kawo tambayar da kike son bincikawa. Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai tallafin da zai biya kuɗin makaranta da na zama, domin kuɗin da ake caji ɗaliban ƙasashen waje a nan ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci, kuma gurbi ba tare da tallafi ba wahala ce kawai. Ki duba tallafin Commonwealth da wuri, saboda ana rufe karɓar takardu kusan shekara guda kafin a fara karatu.

Ki turo mini sunayen furofesoshin biyu da daftarin wasiƙar, in duba kafin ki aika. Allah ya yi miki jagora, ki gaishe mini da su Baba da Inna.