Jirgin ƙasa mai tayar roba: idan taya ta fashe a cikin rami fa?

TAMBAYA: Injiniya, ni direban tirela ne daga Maraɗi, na san abin da fashewar taya ke yi wa mota mai kaya. 'Yata tana karatu a Paris, ta ce jirgin ƙarƙashin ƙasa da take hawa kullum a kan tayoyin roba yake tafiya. Sai ga saƙo a WhatsApp cewa an kwashe tsofaffin jiragen ne don tayoyinsu na fashewa. Hankalina ya tashi. In hana ta hawa?

AMSA: Alhaji, kwantar da hankalinka, ka bar yarinya ta je makaranta. Jirgin da saƙon yake nufi shi ne MP 59, kuma tsufa ne ya sa aka ajiye shi. Ya fara aiki a layi na 1 a 1963, ya shiga layi na 4 bayan 'yan shekaru ya zauna can har 2012, sannan ya ƙarasa aikinsa a layi na 11 daga 1995 zuwa 2024, shekarar da aka tsawaita layin aka kawo sabon MP 14. Shekara 61 yana ɗibar jama'a. Da yana kifewa duk lokacin da taya ta sace, da bai kai ko biyar ba.

Jikin kowace tayar roba mai ɗaukar nauyi akwai ƙafar ƙarfe irin ta jirgin ƙasa da ka sani, tana rataye kaɗan a saman dogo ba ta taɓa shi. Taya na sacewa, taragon ya zauna a kan ƙarfen, jirgi ya lallaba zuwa tasha. Akwai kuma wasu ƙananan tayoyi a kwance, suna dafe da sandunan ƙarfe biyu na gefen hanya, su ke riƙe jirgin kada ya karkace. Ba sitiyari a hannun kowa balle ya ƙwace. A kan ƙafafun ƙarfen nan birki yake kamawa, kuma su ke bi da jirgi a mararrabar layi. A birnin Montreal na Kanada ma, inda suka ɗauki wannan fasaha a 1966, katakon da aka jiƙa da man gyaɗa ne takalmin birkin tsofaffin jiragensu.

Roba ta fi ƙarfe kama hanya, shi ya sa aka fara da layi na 11 a 1956, mai hawan tudun unguwar Belleville. Jirgi ya tashi da sauri, ya tsaya da sauri. Aibinsa zafi da cin wuta, ga tayoyi da sai an riƙa sauyawa. Masu hawa layi na 4 a zamanin MP 59 sun sha gumi.

To amma ga abin da ya kamata ya hana ka barci, wanda masu tura saƙon ba su san da shi ba. Kullum sai na ji wani ya ce, “Ai wannan mai tayar roba ne, babu wutar lantarki a hanyarsa,” ko kuma, “Ai roba ba ta ɗaukar wuta.” Wannan magana tana iya kashe mutum. Sandunan gefen nan da ƙananan tayoyi ke dafawa, su ne wayar wutar jirgin. Volt 750 ne a jikinsu, wutar gidanka kuwa 220 ce. Suna nan a fili, dama da hagu, daidai inda ƙafar wanda ya dira daga dakalin jiran jirgi za ta iya kaiwa. Ba su ƙara, ba su tartsatsi, kallonsu kamar ƙarfen banza. Kuma dogon da ke ƙasa ta nan wutar ke komawa, wato wanda ya taka dogo ya taɓa sanda ya haɗa waya biyu da jikinsa. Tayar jirgi ba ta kare wanda yake tsaye a ƙasa, takalmin roba na kasuwa ma kada a dogara da shi.

Abin da ke ba ni haushi, masu yaɗa wannan sukan yi maganar da gadara, wai ai sun yi aikin wayarin. Wanda ya ɗaura fanka a shago bai zama masanin wutar jirgi ba. Sai wayar hannu ta suɓuce wa yaro ta faɗa kan layi, ya leƙa ya ga jirgi bai taho ba, ya tuna abin da wani ya faɗa a majalisa, ya dira. Ga jirgin kuma, a lokacin cunkoso minti biyu ba ya cika tsakanin ɗaya da na bayansa. Layi na 1 da na 4 da na 14 suna da ƙofofin gilashi a bakin dakali, amma na 6 da na 11 a buɗe suke.

Saboda haka idan ka kira ta yau, Alhaji, ka bar zancen taya. Ka ce mata ko fasfonta ne ya faɗa kan layi, ta danna na'urar kiran ma'aikata da ke kan dakali ta jira su. Idan jirgi ya tsaya a cikin rami, ko da fitila ta ɗauke, kada ta buɗe ƙofa ta sauka, kada ta bi wanda ya sauka, sai ma'aikata sun yanke wuta sun ce a fito.