Tambayi Likita: Mahaifiyata ta sake karyewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 68. Bara ta zame a makewayi ta karye a wuyan hannu, muka kai ta wurin maɗori, ƙashin ya haɗe. Bana kuma ta yi tuntuɓe da bakin tabarma, ta sake karyewa a damtse kusa da kafaɗa, ga shi bayanta ya fara ranƙwafawa. Dangi suna cewa tsautsayi ne da tsufa. Me za mu yi don kada ta sake karyewa? Daga wata mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ba a musun ƙaddara, amma lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa don mutum ya faɗi daga tsaye a tsakar gidansa, saboda haka karaya biyu a cikin shekara biyu, haɗe da ranƙwafawar baya, suna nuna cewa akwai cuta a ƙashin kansa. Ita ce zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ƙashi yakan zama kamar azarar da gara ta cinye daga ciki, ana ganinta a tsaye lafiya lau har ranar da za ta karye. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, domin sinadarin istirojin da ke kare ƙashinsu yana raguwa ƙwarai a lokacin, kuma ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa karayar farko ce ke tona ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora karaya, a gida ko a asibiti, a sallami mai jinya ba tare da an tambayi dalilin karayar ba. Wanda ya taɓa irin wannan karaya, haɗarin sake karyewarsa yakan ninka kusan sau biyu, kuma ya fi tsanani a shekara ɗaya zuwa biyu na farko. Ranƙwafawar da kika ambata ma tana iya zama alamar cewa wasu ƙasusuwan gadon bayanta sun lotsa ba ta sani ba. Don toshe wannan giɓi ne aka kafa wani tsari a birnin Gilasgo na Sikotilan a 1999, inda ake bin diddigin duk mai shekara 50 zuwa sama da ya zo da karaya, a gwada ƙashinsa, a ɗora shi a kan magani, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Inda babu wannan tsari, iyali ne za su matsa da tambaya.

Ki kai ta wurin likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ki faɗa masa ƙarara cewa wannan ce karaya ta biyu. Zai duba damtsen, ya ɗauki hoton baya, ya gwada jini don sanin lafiyar ƙoda da yawan kalsiyam. Akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi mai suna DXA, kuma idan sakamakonta ya kai -2.5 ko ƙasa da haka an tabbatar da cutar, sai dai a yanayi irin na Inna likita yana iya fara magani ko da bai samu na'urar ba.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne alendironet, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 a mako, amma shansa yana da ƙa'ida. Ana sha da safe kafin a ci komai, da kofi cike da ruwa zalla, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na minti 30 ba kwanciya ba karin kumallo, don kada ya ƙona maƙogwaro. Shawarata ita ce ta sha bayan ta idar da sallar Asuba, saboda ruku'u da sujada, kuma kada ta koma barci a ranar sai lokacin ya cika. Wanda cikinsa bai karɓa ba, akwai zoledironet da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, da allurar denosumab duk wata shida, wadda ba a dainawa kwatsam domin ƙashin baya na iya karyewa bayan an bari. Kafin a fara kowanne, a duba haƙoranta. Magani ne na shekaru, ba a jin aikinsa a jiki, don haka kada a ajiye shi da sunan ta warke.

Ki kuma binciki magungunan da ke ɗakinta. Haɗin ciwon gaɓoɓi da ake saya barkatai yakan ƙunshi firednisolon ko deksametason, kuma yawan shansu na cinye ƙashi. Ki tattara su ki nuna wa likita, kada ki tsayar da su da kanki. A abinci tana bukatar kusan miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, kuma nono da kindirmo, ƙananan kifin Yawuri da ake ci da ƙayarsu, zogale, kuka da riɗi duk suna taimakawa. Ta riƙa shan hantsi don samun bitamin D, ta riƙa takawa kullum. A sa fitila a hanyar makewayi saboda tashin Asuba, a kafa abin dafawa, a cire gansakuka, a duba idonta ko akwai yana.

Tambaya: Mahaifinmu mai shekara 75 ya faɗi, ya kasa miƙewa, ƙafarsa ɗaya ta gajarce kuma ta juya waje. Yayyena sun ce ya tsufa da tiyata, a kira maɗori. Daga wani mai karatu a Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara.

Amsa: Ɗan'uwa, waɗannan alamomin karayar ƙugu ne, kuma kara da tsumma ba sa riƙe ƙashin da ke can cikin tsoka. Ku ɗauki Baba a kwance a kan abu mai faɗi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau yau ɗin nan. An fi son a yi aikin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin doguwar kwanciya ce ke jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya, kuma suna cikin abubuwan da suka fi kashe tsofaffi masu wannan karaya. Likitoci za su auna zuciyarsa da jininsa su yanke ko zai jure aikin, shekaru kaɗai ba sa hanawa. Maza ma suna kamuwa da zaizayewar ƙashi, saboda haka kafin a sallame shi ku tambayi likita maganin ƙarfafa ƙashin da zai ci gaba da sha a gida.