Yadda Ake Fassara Thou da Thee Zuwa Sifaniyanci

Tambaya: Malam, ina fassara tsohon rubutun Turanci zuwa Sifaniyanci. Yaya zan yi da thou, thee, thy da thine? Na sa usted, wato "kai" na girmamawa a Sifaniyanci.

Amsa: Malama, a cire usted ɗin nan. Thou, wato "kai" ko "ke", na mutum ɗaya ne na kusa, kamar ɗa ko aboki, babba kuwa you ake ce masa. Saboda haka thou shi ne tú. Thee kuma te ne, amma bayan para (wato "don") sai ya koma ti. Thy shi ne tu, babu alama a kan wasalin. Thine ne mai tarko. Idan ya tsaya shi kaɗai yana nufin "naka", wato tuyo ko tuya. Idan kuwa suna mai farawa da wasali ya biyo shi, thy ne ya sauya kama, shi ya sa thine eyes ke zama tus ojos.