Me ya sa ƙarshen littattafan binciken kisa na yanzu ke ba ni haushi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai son littattafan binciken kisa ce, irin masu hana mutum barci. Amma na 'yan shekarun nan, nakan cinye su a zama biyu, in kai shafin ƙarshe sai in ji kamar an raina mini wayo. Ni ce na canza, ko rubutun ne ya lalace?

Amsa: Malama, ba ke kika canza ba, kuma rubutun bai lalace duka ba. Bari mu fara ba marubutan yanzu haƙƙinsu: sun fi na da iya gina mutum. A yawancin tsofaffin littattafai gawa dalili ce kawai na buɗe wasan ƙwaƙwalwa, ba mai kukan gaske a kanta. Yanzu laifin ya shiga cikin gida, tsakanin miji da mata, ya da ƙanwa, kuma tambayar ta tashi daga wa ya kashe ta koma me ya kai shi. A littafin Keigo Higashino na Japan, The Devotion of Suspect X, wanda ya fito a 2005, tun farko an nuna miki wadda ta yi kisan, amma ba za ki iya ajiye shi ba.

Inda aka samu matsala shi ne bayan Gone Girl na Gillian Flynn a 2012 da The Girl on the Train na Paula Hawkins a 2015. Littattafan biyu sun yi kasuwa ƙwarai, sai kamfanonin buga littattafai suka shiga neman irinsu: mai ba da labari wanda ba a yarda da bakinsa ba, da ba-zata a ƙarshe. Dabarar ba sabuwa ba ce. Marubuciyar Ingila Agatha Christie ta yi ta tun 1926 a The Murder of Roger Ackroyd. Sai dai ita ɓoyewa ta yi, ba ƙarya ba. Idan kika koma baya za ki tarar gaskiyar na kwance a gabanki, ke ce kika tsallake ta, sai ki yi dariya ki sara mata.

Da yawa daga masu kwaikwayo ba su da wannan haƙurin. Maimakon su shuka alamu tun daga farko, sai su ɗora wa jarumar shaye-shaye ko mantuwa ko taɓin hankali, don a samu uzurin hana ki abin da ita kanta ta sani. Wani ma ya bar ki cikin zuciyar mutum babi ashirin, kina jin duk tunaninsa, sannan a ce ai shi ne makashin, wai bai taɓa tuna hakan ba. Wannan ba wayo ba ne, cin amanar mai karatu ne. Tun 1929 marubucin Ingila Ronald Knox ya rubuta dokoki goma na irin wannan rubutu, ciki har da cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kuma duk alamar da jami'in bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Ba na cewa a bi su sau da ƙafa, wasunsu ma sun tsufa, amma ruhinsu na nan: a yi wasan da adalci.

Saurin karatun da kika ambata kuwa da gangan ake gina shi. Babi gajeru, kowane ya tsaya a inda zuciya ke dukan uku-uku, galibi da ido ɗaya a kan masu shirya fim. Yana jan mutum, amma ja daban, ƙosarwa daban. Ga kuma wayar salula da kyamarorin tsaro da gwajin ƙwayar halitta da suka rage wa marubuci wurin ɓuya, shi ya sa kike yawan ganin an kwashe mutane an kai tsibiri ko gidan da dusar ƙanƙara ta rufe, sabis ya ɗauke.

Idan kika gama littafi na gaba, ki koma ki sake karanta babi uku na farko. In kika ga jimlolin sun sauya ma'ana yanzu da kika san ƙarshe, nemi sauran littattafan marubucin. In kuwa sun ci karo da ƙarshen ne kawai, kada ki sake kashe masa kuɗinki.