Wace Ƙaramar Bindiga Zan Saya Don Kare Kaina? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Gusau: Assalamu alaikum Malam. Ina fataucin masara da dawa tsakanin Gusau, Tsafe da Funtuwa, kuma ka san halin da hanyar nan take ciki. Wani ya yi mani tayin ƙaramar bindiga, irin wadda ake sokewa a ƙugu a saki riga a kai. Ya ce akwai mai cin harsashi 9mm, akwai mai cin .380. Wacce ta fi dacewa da mai yawan tafiya? Na kuma tuna gwamnati da kanta ta taɓa cewa kowa ya nemi bindiga.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare gabanka da bayanka. A cikin biyun nan babu wadda zan ce ka saya, kuma ba don na raina tsoron da kake ciki ba ne. Duk wanda ya taɓa wuce Tsafe da la'asar sakaliya ya san yadda mota ke yin tsit, kowa na ta salati a zuci.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta tun 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Na ƙasa shi ne bindigar toka ta mafarauta da 'yan'uwanta waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinsu yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Na tsakiya shi ne bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, da bindigar iska, wannan sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na sama shi ne haramtattun makamai, inda aka jera igwa da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja. To, ƙaramar bindigar da ake yi maka talla, ko fistol ce ko mai juya baki, wato revolver, a wannan gidan na sama take zaune, layi ɗaya da gurneti. Shugaban ƙasa kaɗai doka ta ba ikon amincewa mutum ya riƙe ta. Wanda aka kama da ita babu wannan izini, mafi ƙarancin abin da doka ta tanadar masa shekara 10 ne a gidan yari. Mutane da yawa suna auna laifin da girman bindigar, suna ganin tun da ta shiga aljihu ai abin da sauƙi. Doka kuwa ɓoyuwar nan tata ce ta sa ta tsananta a kanta.

Maganar gwamnati da ka tuna gaskiya ce. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta sanar cewa mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19. Amma ba a je ko'ina ba kwamishinan 'yan sandan jihar na lokacin, Ayuba Elkana, ya ce takunkumin bayar da lasisi yana nan daram, shi kuma babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni. Makamai sha'anin gwamnatin tarayya ne. Sanarwar gwamna ba ta goge layi ko ɗaya a dokar ba, kuma alƙali da doka zai yi aiki ranar da aka gurfanar da kai. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Don haka duk wanda ya ce maka zai haɗo maka bindiga da takardarta, takardar ma abin tuhuma ce ta biyu.

Mu ajiye doka gefe mu dubi amfanin abin da kansa. Waɗanda ke tare hanya a dajin nan ba su zuwa ɗaiɗai. A kan babura suke fitowa, biyu ko uku a kan kowanne, riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke samun mutum daga nisan mita 300. Ƙaramar bindiga kuwa, ko a hannun wanda ya ƙware, aikinta na kusa da kusa ne, da wuya ta yi abin kirki bayan mita 25. Kai da ba ka taɓa harba ta ba, kana matse a kujerar baya tsakanin fasinjoji, ga babbar riga, ga jiki na ɓari, me za ka yi da ita? In ka fito da ita ka jawo wa duk motar ruwan harsashi. In ba ka fito da ita ba suka laluba suka same ta, sun ɗauke ka jami'in tsaro ko ɗan sa-kai, kuma kowa a Zamfara ya san ba ɗaya suke ɗaukar waɗannan da sauran matafiya ba. Kafin ma a kai nan, shingen bincike nawa kake ƙetarewa daga Gusau zuwa Funtuwa? Soja ɗaya ya ce kowa ya sauko ya ɗaga riga, shi ke nan, ɗan kasuwa ya koma wanda ake zargi da kai wa ɓarayin daji makami.

Sannan ka tambayi kanka daga ina bindigar ta fito. Ba ka san ran da aka ɗauka da ita ba, ba ka san ko daga hannun wani jami'i da aka kashe aka ƙwato ta ba. Mai tallar nan kuma daga yau ya riƙe sirrinka, ran da aka damƙe shi sunanka na cikin na farko da zai ambata.

Haƙƙin kare kai yana nan, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya san da shi, dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ma haka, bisa sharaɗin kada ƙarfin da ka yi amfani da shi ya wuce abin da larura ta nema. Sai dai wannan haƙƙi bai halatta maka haramtaccen makami ba. Kotu na iya wanke ka daga laifin harbi, ta ɗaure ka a kan bindigar.

Kuɗin da ka ware, ka kashe su inda za su yi maka aiki. Ka daina yawo da tsabar kuɗi, ka riƙa biya ta banki. Ka bar sammakon asuba da tafiyar yamma, ka bi ayari, ka sami direbobi biyu ko uku a tasha waɗanda za ka kira kafin ka tashi, don su ne ke fara jin labarin hanya. Kada ka riƙa faɗin ranar tafiyarka a majalisa, masu kai rahoto ba daga daji suke zuwa ba. In kuwa zuciyarka na son ka riƙe makami ne don kare garinku, ƙofar da ke buɗe ita ce ta rundunonin da hukuma ta sani, irin Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024.

Tambaya daga wani ɗan Argungu mazaunin Houston a Amurka: Malam, ina aikin dare a kantin gidan mai, ina da katin zama na dindindin. A nan doka ta yarda in riƙe ƙaramar bindiga. Na je shago na ga iri-iri har kaina ya ɗaure. Wane harsashi, wace bindiga?

Ɗan'uwa, naka lamarin daban ne, don ƙasar da kake ta ba da dama. A Texas tun 1 ga Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21, kuma ba shi da laifin da ya hana shi, yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Mai katin zama na dindindin yana iya saye a shago bayan an binciki tarihinsa, amma masu bizar karatu ko ta ziyara galibi dokar tarayya ta hana su, sai ka ja kunnen ƙannenmu ɗalibai. Ka kuma fara tambayar masu kantin, don wuraren aiki da yawa sun hana ma'aikaci shiga da makami. Duk da ba dole ba ne, ka je ka yi kwas ɗin lasisin jihar, a nan ne za a karanta maka inda aka hana shiga da bindiga da lokacin da doka ta yarda a harba.

A kan harsashi ba zan ja ka da nisa ba, ka ɗauki 9mm. Georg Luger ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1900, kuma har yau shi ne sojojin NATO da mafi yawan 'yan sandan duniya ke ɗauka a ƙananan bindigoginsu. Hukumar FBI ta taɓa guje masa bayan wata musayar wuta a Miami a 1986 inda aka kashe mata jami'ai biyu, ta koma ga manyan harsasai har aka samar da .40 S&W a 1990. Tsakanin 2014 da 2016 ta dawo kan 9mm, saboda ƙirar harsashin ta inganta, kuma jami'anta sun fi samun abin da suka auna da shi. Ya fi araha, wato za ka fi yawan atisaye. Shurinsa, wato yadda yake fizgar hannu in an harba, bai kai na .40 ko .45 ba, kuma bindigar ta fi ɗaukar harsashi da yawa.

Shi .380 kaurinsa ɗaya da 9mm, kwansonsa ne ya fi gajarta, milimita 17 maimakon 19, don haka ƙarfinsa bai kai ba. Ana sa shi a 'yan mitsi-mitsin bindigogin aljihu, kuma nan ne sababbin shiga ke ruɗuwa. Suna ganin ƙarama za ta fi sauƙin sarrafawa, alhali rashin nauyi ne ke sa ta fizge hannu, ga mariƙin da ɗan yatsanka na ƙarshe ba ya samun wurin zama. Mai juya baki ta .38 Special ba ta cika cijewa ba, amma ƙananan nata harsashi 5 kawai suke ci, kunamarta kuma da tauri. Shi kuwa .45, mai kaurin milimita 11 da ɗoriya, bar wa masu sha'awa.

Cikin bindigogin, Glock 19 ƙirar Austiriya ita ce ma'aunin da ake gwada saura da shi. Tana cin harsashi 15, tana cika hannu, sai dai tana da ɗan girma ga mai siririn jiki da ƙaramar riga a zafin Houston. SIG Sauer P365, wadda ta fito a 2018, ta fi ta ƙanƙanta sosai kuma tana cin 10. Ni da za a tambaye ni wa sabon shiga, ta farkon zan nuna, don wadda ka iya harbawa daidai ta fi wadda ta iya ɓuya. Amma hannu ya bambanta. Filayen koyon harbi suna ba da haya, ka gwada uku ko huɗu kafin ka zaro kuɗi. Ka sayi kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, kada ka kuskura ka soke ta tsirara a wando. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli saboda yara. Idan kuma an zo fashi kantin, kuɗin da ke cikin aljihun tebur ba naka ba ne, miƙa musu.

Abu ɗaya da nake roƙonka, ran da za ka zo bikin kamun kifi ko ganin gida, ka bar ta can. Ko harsashi ɗaya aka tsinta a jakarka a filin jirgin Abuja ko Kano, takardun Texas ba za su fisshe ka ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Birnin Kebbi: Malam, ina gyaran ɗakin maigidana na ga ƙaramar bindiga ƙirar maƙera a ƙarƙashin katifa, naɗe cikin tsumma. Da na yi magana ya ce saboda ɓarayi ne. Muna da yara huɗu, babban shekararsa 11. Hankalina ya ƙi kwanciya.

'Yar'uwa, hankalinki ya yi daidai da ya tashi. Yaro ɗan shekara 11 babu lungun da bai sani ba a gidan ubansa, kuma ƙarƙashin katifa shi ne wurin farko da yake ɗagawa in yana neman canji. Bindigar maƙera ta fi ta kamfani haɗari a cikin gida, don yawancinsu ba su da makullin kariya, faɗuwa kaɗai na iya tashin su, kuma bututun da aka yi bakin da shi yana iya tsagewa a hannun mai harbi. A wurin doka kuma fistol fistol ce, ko a Turai aka ƙera ta ko a bayan kasuwa.

Kada ki taɓa ta, kada ki ce za ki cire harsashin da kanki, kada kuma ki kai ta wani wuri a ɓoye. Daga yau ɗakin ya zauna a kulle, makulli a hannunki ko nasa. Ki same shi lokacin da ransa ke sanyi, ki fara da yaran kafin ki ambaci doka, don namiji ya fi saurin sauka ta wannan ƙofar. Ki nuna masa kin fahimci tsoron da ya sa ya saye ta. In ya ƙi ji, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifinsa ko yayansa ko limamin unguwa, mutum ɗaya mai riƙe magana, kada zancen ya zaga gidan biki.

Hanyar rabuwa da ita ita ce a miƙa wa hukuma, amma ba ya saka ta a aljihu ya nufi caji ofis shi kaɗai ba, don ana iya tare shi a hanya kafin ya buɗe baki. Ya fara ganin lauya, lauyan ya tsara yadda za a miƙa ta, in so samu ne da sanin hakimi ko mai unguwa, a kuma karɓi shaidar miƙawa a rubuce. Jefa ta a rijiya ko a gulbi ba mafita ba ce, rani na yi wani yaron zai tsinto ta. Sayar da ita kuwa laifi ne sabo a kan tsoho. In ɓarayi ne damuwarsa, ya sa ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, ya ɗaura fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida da bayan katanga, ya riƙa biyan kuɗin 'yan sintirin unguwa a kan lokaci, ya kuma ajiye lambar shugabansu da ta DPO a wayarsa da taki.