Hukuncin kallo da yaɗa fim ɗin da ke zargin gwamnati da hannu a rikicin addini

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ina kuma ɗan taɓa rubuta labarin fim. Kwanaki na kalli wani fim na Turawa a kan rikicin 'yan Katolika da 'yan Furotesta a Ireland ta Arewa. An nuna jami'an leƙen asirin gwamnati suna miƙa wa 'yan bindigar ɓangare ɗaya sunayen waɗanda za a kashe, manya kuma suna danne bincike. Abin ya tsaya mini a rai, har na yanko wasu wurare na tura wa abokaina a WhatsApp, na rubuta a ƙasa cewa mu ma haka aka yi mana. Wani abokina ya ce na ɗauki zunubi biyu, na kallon fim da na munana wa hukuma zato. Shin haka ne? Kuma ya halatta in rubuta irinsa a kan rikicin Kaduna na 2000, wanda a cikinsa muka rasa kawuna?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan kawunka, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya bi wa duk wanda aka zalunta haƙƙinsa.

Ɗana, kallon shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ka tambaya. Malamai sun saɓa a kan wasan kwaikwayo tun daga tushensa. Shaihu Ahmad al-Gumari na Maroko da Shaihu Bakr Abu Zaid na Saudiyya sun hana, suna ganin ƙarya ce da kwaikwayon mutane. Shaihu Ibn Usaimin da Shaihu Ƙardawi sun halatta da sharuɗɗa. Ni na fi karkata ga masu halattawa, domin ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ya saɓa wa gaskiya yana zaton gaskiya kake faɗa, mai kallo kuwa ya san ɗan wasa ne a gabansa. A Bukhari da Muslim akwai hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mala'ika ya zo musu a kamannin matafiyi da guzurinsa ya ƙare domin a jarraba su. Saboda haka idan ka kau da kai daga tsiraici da batsa, kuma kallon bai cinye maka lokacin salla ba, ba ka yi zunubi ba. Idan fim ɗin cike yake da su har ba a iya rabewa, to ka bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yar jimlar da ka rubuta a ƙasan hoton. Kafin in zo kanta, bari mu duba ainihin abin da ya faru a waccan ƙasa, domin malami ba ya yanke hukunci a kan abin da bai san kamanninsa ba.

Rikicin ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960, ya lafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Belfast ranar 10 ga Afrilun 1998, bayan an rasa rayuka kusan 3,500. Ana kiransa rikicin Katolika da Furotesta, amma ba a kan aƙida aka zub da jinin ba. Tun da aka raba tsibirin a 1921, mafi yawan 'yan Furotesta suna son zama ƙarƙashin Birtaniya, mafi yawan 'yan Katolika kuma suna son haɗewa da sauran Ireland, ga kuma kokensu na wariya wajen aiki da gidaje da zaɓe. Coci dai ta zama tutar da ake gane ɗan gida da ita.

Shin gwamnati ta saka hannu? A wasu wuraren, ƙwarai kuwa, kuma da bakinta ta amsa. Ranar 30 ga Janairun 1972 sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry, wani na 14 ya rasu daga baya. Binciken farko, na alƙali Widgery, ya kusan wanke sojojin tas. Iyalan mamatan suka ƙi yin shiru, har aka kafa sabon kwamiti a 1998 ƙarƙashin alƙali Saville. Ya shekara 12 yana bincike, a 2010 ya tabbatar cewa waɗanda aka kashe ba su yi abin da ya halatta harbinsu ba, Firaminista David Cameron ya miƙe a majalisa ya nemi afuwa. Shekara 38 ke nan bayan kisan. Haka kuma lauya Pat Finucane, wanda 'yan bindigar ɓangaren Furotesta suka kashe a gidansa a Fabrairun 1989 a gaban matarsa da 'ya'yansa uku. Binciken ɗan sanda John Stevens a 2003 da na lauya Desmond de Silva a 2012 sun nuna cewa akwai 'yan rahoton sojoji da na 'yan sanda a cikin ƙungiyar da ta yi kisan, kuma da haɗin bakin wasu jami'ai aka yi shi. A kan wannan ma Cameron ya nemi afuwa.

Ka ga ke nan abokinka bai yi daidai ba da ya mai da duk wani zargin hukuma fitina. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a rubuce. Da iyalan mutanen Derry sun ɗauki tambaya a matsayin laifi, da har yau ana kiran 'ya'yansu 'yan ta'adda.

Sai dai ka lura da yadda gaskiyar ta fito. Ta fito ne da sunaye, da takardu, da shaidun da aka rantsar aka kuma yi musu tambayar ƙure. Kuma ta fito da iyaka. Shi de Silva ɗin da ya tabbatar da haɗin bakin jami'ai, shi ne ya ce bai sami wata babbar maƙarƙashiya da gwamnati ta tsara daga sama ba, ko da yake iyalan lauyan ba su gamsu ba, suka ci gaba da neman bincike na bainar jama'a. Sannan ƙididdigar mamatan ta nuna cewa wajen kashi 60 cikin ɗari 'yan bindigar ɓangaren masu neman haɗewa da sauran Ireland ne suka kashe su, wajen kashi 30 na ɗaya ɓangaren, jami'an tsaro kuma wajen kashi 10. Mai shirya fim yana da awa biyu ne kawai, yana buƙatar mugu guda ɗaya da za a tsana, don haka yakan tattara alhakin mutane da yawa ya ɗora a teburin wasu manya uku a ɗaki mai duhu. Mai kallo sai ya tashi da yaƙinin da alƙalan da suka shekara goma suna bincike ba su kai gare shi ba.

A nan ne jimlarka ta shiga haɗari. Lokacin da ka ce mu ma haka aka yi mana, ka fitar da abin daga tatsuniya ka mai da shi shaida, kuma shaida a kan jini. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Ya umarce mu a Suratul Hujurati da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cuci wasu mutane cikin jahilci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Laifin da ya tabbata a kan jami'an Birtaniya a Belfast ba ya zama hujja a kan kowa a Kaduna. Hukuncin dai shi ne: tura yankin fim ɗin don a tattauna ya halatta, amma haɗa shi da tuhumar da ba ka da hujjarta bai halatta ba. Ka goge, ka gaya wa waɗanda ka tura wa cewa zato ne ka faɗa, ka nemi gafarar Allah. Ban ce zatonka ƙarya ne ba. Cewa na yi ba a ba ka izinin yaɗa shi da sunan tabbas ba.

Akwai kuma wata cutar da ba a cika lura da ita ba. Faɗin cewa duk shirin gwamnati ne yana da daɗi a kunne, saboda yana wanke kowa. Wanda ya ɗauki adda ya sari maƙwabcin da suka shekara ashirin suna gaisawa, ko da wani ne ya zuga shi, shi zai tsaya gaban Allah da wannan jinin. Labarin da ya mai da makasa 'yan amshin shata marasa laifi ya zalunci mamatan karo na biyu.

Sauran batun rubuta naka. Malaman sira da tafsiri, irin su Ibn Ishaƙ da Ɗabari, sun kawo labarin Shas ɗan Ƙais, wanda ya ga Ausu da Khazraju, ƙabilun Madina biyu, zaune wuri ɗaya bayan Musulunci ya haɗa su, sai ya tura wani saurayi ya rera musu waƙoƙin yaƙin Bu'as, wanda suka gwabza a tsakaninsu kafin Musulunci. Kafin a ankara an fara kiran makamai, sai da Annabi ya fito da kansa ya kwantar da su. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma darasin a fili yake. Saurayin bai ƙirƙiri ƙarya ba, waƙoƙin gaske ya rera, kuma da su ya kusan tayar da yaƙi. Wannan ne ya sa malamanmu na Malikiyya suka ba toshe kafar ɓarna muhimmanci. Su mutanen Ireland ta Arewa sun ajiye makamai. Kaduna kuwa har yau kogi ya raba mazaunin mutane da yawa tun bayan rikicin Fabrairu da Mayun 2000, raunin bai gama warkewa ba.

Duk da haka ban hana ka ba, domin rufe tarihi ma ɓarna ce, kuma wanda ya rasa kawunsa yana da haƙƙin ya tambayi dalili. Ya halatta ka rubuta idan ka kiyaye waɗannan. Kada ka jingina kisa ko makirci ga wani mutum ko wata hukuma da za a iya ganewa, ko da ka sauya suna, sai da abin da ya tabbata a kotu ko a rahoton kwamitin bincike. Idan ƙirƙira za ka yi, ka ƙirƙiri gari da mutane, ka kuma faɗa a farkon fim ɗin cewa ƙagaggen labari ne. Ka nuna mamatan ɓangarorin biyu da darajarsu ta 'yan Adam, domin Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ka nuna Musulmin da ya ɓoye Kirista a gidansa da Kiristan da ya ɓoye Musulmi, domin an yi hakan. Kafin ka ɗora alƙalami, ka zauna da waɗanda suka ga abin da idonsu daga kowane ɓangare. Idan ka gama, ka ba wani malami da wani dattijo daga ɗaya ɓangaren su karanta, ka bi ta hukumar tace fina-finai, kuma kada ka sake shi a lokacin zaɓe ko lokacin da gari ke ɗar-ɗar.

Idan kuwa ka duba zuciyarka ka tarar fushin rashin kawunka ne ke riƙe da alƙalamin, to ka dakata tukuna, ka yi masa sadaka da addu'a, rubutun ya jira.

Allah ne mafi sani.